Sajan Sannu da Littafin Ƙanen Matarsa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan yarin nan na bayan tashar jirgin ƙasa ya san Sajan Sannu. Dogo ne, baƙi, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyawa a ƙofofin da ba a yi su don irinsa ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin ba ya buɗe ɗaki ko ya rufe bai ce "sannunku" ba. Ɓarawo sannu, mai kisan kai sannu, wanda aka kawo bisa kuskure kuwa sannu har sau biyu. Abokan aikinsa sun yi masa dariya har sun gaji, suna tambayarsa shi gandiroba ne ko mai jinya. Amsarsa ɗaya ce kullum: alƙali ya riga ya yanke wa mutanen nan hukunci, kuma a cikin hukuncin babu inda aka ce Sajan ya ƙara musu da ɗaure fuska.

Ɗan kafinta ne, a cikin ƙurar katako ya tashi. Bai taɓa mafarkin sa kaki ba. Rakiya ya yi wa wani abokinsa wurin ɗaukar aiki, mai zaɓen ya hango kansa ya zarce na kowa a bayan layi, ya yafito shi. Aka ɗauki ɗan rakiya, aka bar mai nema. Shi kansa idan yana ba da labarin sai ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Matarsa tela ce, Mai Keke ake ce mata a barikin gandirobobi, don tun safe ake jin ƙarar kekenta ta bayan taga. Ba su daɗe da aure ba mahaifiyarta ta rasu, ta bar mata ƙanenta yana firamare. Sajan da kansa ya je ya ɗauko yaron da 'yar jakarsa, ya shimfiɗa masa katifa a falo kusa da buhun ƙyallaye. Yaron ba ya gani sosai, sai ya kai littafi har hanci. Da aka yi masa gilashi sai barikin duka ya koma kiransa Tabarau.

Wasa suke yi sosai, irin na miji da ƙanen mata. Sajan ya ce masa ɓarawon nama, shi kuma ya ce Yaya Sajan ya sace masa yaya, sai ya biya. Amma a ƙasan wasan ɗa ne. Sajan ne ke kwaso masa tsofaffin jaridu daga ofis, shi ya ƙera masa teburin karatu da ragowar katakon gadon fursunoni, shi ya tsaya a bakin ƙofar jami'a da akwati a ka ranar da yaron ya shiga. Da 'ya'yansa na cikinsa suka zo, Kawu suka tashi suna ce wa Tabarau, amma kowa ya san shi ne ɗan fari a gidan.

Tabarau ya yi karatu, ya kuma yi karatu. Jami'a ta riƙe shi yana koyarwa, ya kama ɗakinsa a cikin gari, ya fara digiri na uku. Bincikensa a kan sukar da ƙungiyoyin ƙasashen waje ke yi wa gwamnatoci ne idan sun take haƙƙin mutane, da yadda gwamnatocin ke mayar da martani. Sajan bai gane kan abin sosai ba. Yakan ce, "Wato kai aikinka ka rubuta wane ya zagi wane." Tabarau ya ce, "Kusan haka ne, Yaya."

Sai shekarar zanga-zanga ta zo. 'Yan kasuwa da ɗalibai suka fito titi, aka buɗe musu hayaƙi, aka yi ta kamu. Da tsakar rana, lokacin zafi, manyan motoci suka shigo gidan yarin suka juye mutane kamar buhunan hatsi. Shugaban gidan ya sa aka tura su duka cikin wani tsohon ɗakin ajiya mai rufin kwano da 'yar taga guda a can sama, ya kulle da hannunsa, ya jefa makullin a aljihu. Sajan ne ke gadin wannan ɓangaren. Da farko ihu ake yi a ciki, ana dukan ƙofa. Daga baya dukan ya ragu. Ya ruga ofis ya ƙame, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba sa samun numfashi." Shugaban bai ɗago kai ba, ya ce umarni daga sama ne, ya koma bakin aikinsa. Sajan ya dawo, ya rasa abin yi, sai idonsa ya faɗa kan tiyon da ake ban-ruwan fulawar gaban ofis. Ya jawo shi, ya taka durom, ya zura ta tagar nan ya buɗe famfo. Yana jin yadda ake kokawar ruwan a ciki, yana ta cewa, "Sannunku, sannunku," don ba shi da wani abin da zai ce.

Da aka buɗe ƙofar da yamma, waɗanda suka fito da ƙafarsu sun fito. Sauran aka fitar da su ta ƙofar baya, a lulluɓe. Aka tara gandirobobi aka gaya musu ba abin da ya faru.

Ƙungiyoyin waje suka samu ƙishin-ƙishin, suka yi ta suka. Gwamnati ta ce ƙarya ce, ba wanda ya mutu a hannunta, waɗanda ake nema sun gudu ne sun bar gari. Masu sukar ba su da shaida daga ciki, sai maganar ta fara lafawa.

A gida kuwa Sajan ya canza. Ya daina wasa, abinci sai ya jujjuya cokali ya ture. Mai Keke ta tambaya har ta gaji, sai ta kira ƙanenta. Tabarau ya zo wata ranar hutu da hantsi, ya same shi a tsakar gida ya kwance sarkar babur yana wankewa da kananzir. Ya tsuguna kusa da shi.

"Yaya, ranar nan kana bakin aiki, ko?"

Sajan ya ci gaba da goge sarka.

"Ni ba ɗan jarida ba ne, Yaya. Ƙanenka ne. Mutanen nan suna da iyaye. Ana ce musu 'ya'yansu sun gudu, suna nan suna jiran su dawo. Idan wanda ya gani bai faɗa ba, wa zai faɗa?"

"Ka san rantsuwar da muka yi kafin mu sa kakin nan?"

"Na sani. Ba sunanka, ba muƙaminka, ba abin da zai nuna kai ne. Haka ƙa'idar aikinmu take. Ko wuƙa aka sa mini a wuya, Yaya. Kai fa ka raine ni."

Sajan ya daɗe yana kallon hannunsa da ya yi baƙi da mai. Sannan ya ce, "Kashe wayar nan." Ya faɗa masa komai, har da tiyon, har da abin da bakinsa ya riƙa faɗi a kan durom. Yana gamawa ya shiga ɗaki ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Da ya tashi ya ce wa Mai Keke yunwa yake ji.

Shekaru suka ɗan ja. Tabarau ya zama Dakta, binciken ya zama littafi, aka buga shi a waje. Wata babbar ƙungiyar masana ta duniya ta zaɓe shi a matsayin bincike mafi kyau na shekarar, jami'a kuma ta ce ba za a ba ɗanta lambar yabo a can kawai ba, sai an yi taro a gida an karrama shi. Sajan bai ga littafin ba. Turancinsa na rahoton aiki ne, kuma bai ga dalilin da zai sa ya binciki yaron da ya goya ba.

Mai Keke ta ajiye ɗinkin mutane ta ɗinka musu sababbin kaya, shi da ita da yara. Ranar taron suka isa da wuri. Babban zaure ne, an lulluɓe kujerun gaba da farin ƙyalle, fankoki na juyawa a sama. Wani mai tsara zama ya dubi Sajan ya ce iyalai can baya. Bai damu ba, dama ya saba zama a baya don kada ya tare wa mutane gani. Sai da manyan baƙi suka fara shigowa ya hango Shugaban gidan yari a cikinsu, da kakinsa na fita, ana kai shi layin gaba. Jami'a ta gayyaci duk manyan gari. Ya ce wa kansa ai ba suna.

Aka yi jawabai. Wata farfesa mai furfura da ta zo daga waje ta miƙa lambar, ta ce abin da ya bambanta littafin da sauran shi ne babi guda, inda a karon farko aka ji muryar wani daga cikin gidan yarin. Ta roƙi Dakta ya karanta wa jama'a kaɗan daga ciki. Tabarau ya gyara gilashinsa, ya buɗe inda ya riga ya sa alama. Ya karanta da Turanci, sannan don jama'a su ji daɗi ya maimaita da harshen gida. Wani sajan, in ji shi, dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ya taka durom, ya zura tiyon ban-ruwan fulawa ta taga, yana ce wa masu mutuwa sannunku.

Tafi ya ɓarke a zauren, mutane suka miƙe tsaye. Wasu mata na share hawaye. Mai Keke ta damƙe hannun mijinta har farcenta ya shige shi. Shi kuwa layin gaba yake kallo. Shugaban gidan yari yana tafi kamar kowa, a hankali, sai ya juyo ya bi layukan baya da ido har ya tsaya a kan mutumin da tsayinsa ya zarce na kowa. Ya ɗan gyaɗa masa kai, kamar gaisuwa.

A waje, wurin ɗaukar hoto, Tabarau ya rungumi Sajan yana dariya.

"Yaya, ka ji yadda aka tafa maka?"

"Ka ce ba muƙami."

"Haba Yaya, sajan nawa ne a ƙasar nan? Masu buga littafin ne suka ce babin ya bushe, sai an sa masa rai. Ban sa suna ba fa."

"Ai ka sa," in ji Sajan. "Ka faɗe shi da bakinka yanzun nan."

Kafin Tabarau ya amsa aka ja shi wani hoton.

Satin bai ƙare ba aka kira Sajan ofis. Ba a yi masa tsawa ba. Shugaban ya ajiye littafin a kan tebur, ya tambaye shi ko ya san hukuncin ma'aikacin da ya fitar da sirrin aiki. Ya ce ya sani. Aka ce ya cire hula da bel ya ajiye. Da ya ratsa tsakar gidan zai fita, fursunoni suka leƙo ta ƙarafuna, wani ya ɗaga murya ya ce, "Sannu, Sajan." Bai iya juyawa ba.

Aka fitar da su daga bariki. Suka kama ɗaki biyu a bayan masana'antar bulo, inda ƙurar siminti ke sauka a kan ɗinkin Mai Keke. Abokan aikinsa na shekara da shekaru suka riƙa tsallaka titi idan sun hango shi, ba don ƙiyayya ba, don tsoro. Ya kafa rumfa a bakin hanya ya koma sana'ar ubansa, yana ƙera benci da kujerun tsuguno. Tabarau ya zo sau ɗaya, ya rantse zai kai maganar har gaban ƙungiyoyin duniya, zai samo lauya, zai tayar da ƙura. Sajan ya yarda da shi. Har ya riƙa ce wa matarsa ta daina fushi, kuruciya ce da ɗokin yabo, ba mugunta ba. Ya kuma ce ko ba komai yanzu an san abin da ya faru a ɗakin nan, wannan kaɗai ya ishe shi. Da wannan ya riƙa lallashin kansa yana fere katako.

Daga nan wayar Dakta ta fara wuyar shiga. Yana taro, ya yi tafiya, zai kira. Sai labari ya zo cewa gwamnati ta naɗa shi mai ba da shawara kan yadda za a riƙa amsa sukar ƙasashen waje. Maƙwabta suka zo yi wa Mai Keke murna. Sajan ma ya yi murna. Ya ce to, yanzu namu ya shiga ciki.

Wata rana da hantsi yana rumfa, rediyonsa na rataye a ƙusa, ya ji muryar da ya sani tun tana siririya. Hira ake yi da Dakta. Ya ajiye zarto ya ƙara murya, har ya kira mai facin taya na kusa da shi ya ce zo ka ji ƙanena. Mai tambayar ta ce masa, ga shi yana cewa masu sukar waje na zuzuta abu, alhali littafinsa ne ya kawo shaidar mutuwar mutane a gidan yari.

Dakta ya yi 'yar dariya. Ya ce ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wancan babin a kan bakin mutum guda aka gina shi, kuma daga baya ya gano mutumin yana da ƙorafi da shugabanninsa, ya daɗe ba a ƙara masa girma ba. Ga shi ma har an sallame shi daga aiki saboda rashin ɗa'a. Ya ce a matsayinsa na masani, dole ya yarda cewa mai jin haushi yakan ga abin da babu.

Mai facin taya ya dubi Sajan, ya dubi ƙasa, ya ce yana da aiki, ya sulale. Sajan ya zauna a kan bencin da bai gama ba. Bai kashe rediyon ba. Aka gama hirar, aka sa kiɗa, aka karanta labarai, yana nan zaune da fensir a bayan kunne. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne maganar ƙarin girman. A gidansa aka yi ta, a kan tabarmarsa, shekarun baya, yana yi wa yaron wasa cewa shi da muƙamin sajan sai mutuwa. Ita ce aka ɗauko aka wanke aka kai rediyo.

Bayan kwana biyu wata baƙar mota ta tsaya a gaban masana'antar bulo. Dakta ya shigo, direba na biye da shi da kwalaye. Ya yi ƙiba, gilashin ma ya canza. Ya durƙusa ya gaida su kamar yadda ya saba. Mai Keke ba ta ɗaga ƙafarta daga keke ba.

"Yaya, na san kun ji. Ku bari in yi bayani. In ban faɗi haka ba, ba za su bar ni a kujerar ba. In kuwa ina ciki, zan iya gyara abubuwa da yawa. Har maganarka ina nan ina bi a hankali."

Sajan ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Mutanen nan sun mutu ko ba su mutu ba?"

"Yaya, abin ba haka yake da sauƙi ba..."

"Ni na ji lokacin da suka daina dukan ƙofa. Kai kuma ka zauna a gabana ina wanke sarka, ka yi kuka. Sun mutu ko ba su mutu ba?"

Dakta ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "A hukumance, ba a tabbatar ba."

Keken ya tsaya. Mai Keke ta miƙe, ta ce wa direban ya mayar da kwalayen mota. Sannan ta dubi ƙanenta.

"Ranar da uwarmu ta rasu, ni kuka nake yi, ban ma tuna da kai ba. Mutumin nan ne ya ce ina yaron. Ka ci amanarsa sau ɗaya aka ba ka lamba, ka ci sau biyu aka ba ka mota. Tashi ka tafi, kafin ka ci ta uku a ɗakina."

"Yaya, ni fa ƙanenki ne."

"Na sani. Shi ya sa abin ke ci na."

Ya dubi Sajan ko zai sa baki kamar yadda yake yi tun yana yaro idan yayarsa ta ɗauko masa bulala. Sajan na kallon bango. Da motar ta tashi, ya fita ya koma rumfa, ya yi ta aiki har hannunsa ya yi kanta.

Tun daga ranar ba a ambaton Kawu a gidan. Dakta ya zama farfesa, ana ganin hotonsa a jarida yana wakiltar ƙasa a tarukan waje. Sajan ya tsufa a rumfarsa. Bencinsa na da ƙwari, makarantu na saye. Yana nan da gaisuwarsa, amma wasa ya bar bakinsa, kuma idan wani ya fara ce masa "tsakanina da kai", sai ya ce a bar shi a tsakanin mutum da Allah.

Babbar 'yarsa ta shiga jami'a tana karatun lauya. A shekararta ta biyu aka sa musu littafin Kawu cikin waɗanda dole a karanta. Ta aro shi a ɗakin karatu, ba ta gaya wa uwarta ba, ta kawo wa babanta rumfa da rana. Sabon bugu ne, an buga hoton lambar yabon a bango da ruwan zinariya.

"Baba, na duba daga farko har ƙarshe. Babin nan babu shi."

"Wane babi?"

"Naka. An cire. A gabatarwa ya ce an sake tsara littafin bisa sababbin bayanai. Ba ɗakin ajiya, ba tiyo, ba komai."

Sajan ya goge hannunsa a jikin wando ya karɓa. Wannan ne karon farko da ya riƙe littafin. Ya juya shi, ya shafa zinariyar da babban yatsa, ya buɗe tsakiya yana kallon layukan da ba ya iya bi da sauri.

"Lambar fa? Sun karɓe abarsu?"

"A'a, Baba. Ga ta nan a bango."

Ya gyaɗa kai. Motoci na wucewa suna watsa musu ƙura.

"To ni yanzu," in ji shi, "a kan me aka kore ni?"

Ya miƙa mata littafin ya ce ta riƙe shi da kyau kada ya yi datti, na mutane ne, kuma ta karanta ta ci jarrabawarta. Ta sa shi a jaka. Ya ce ta kama masa bakin katakon can, zai yanka.